Tozali, Tutiya da Azurfa: Wa Ya Auna Abin da Ke Ƙarƙashin Ƙasarmu?

Wannan shi ne cikakken jawabin da aka gabatar a zaman tattaunawarmu na wannan wata. Mun kawo shi saboda 'yan uwa da ba su samu halarta ba. A karanta, a tura wa na gaba.

 



Kakar siyasa na ƙaratowa, kuma kun san waƙar da za a sake rera mana. Ɗan takara zai hau dandamali ya ce Allah Ya albarkaci jiharmu da ma'adinai, idan aka zaɓe shi za mu manta da kuɗin man fetur. Sai a yi tafi, a watse. Babu mai ɗaga hannu ya ce, ranka ya daɗe, wane ma'adini? A ina yake? Tan nawa ne? Wa ya auna? To ni yau waɗannan tambayoyin na zo da su, kuma zan tsaya a kan ƙarfe uku da ke zaune wuri ɗaya a ƙarƙashin ƙasa: dalma, tutiya da azurfa.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Tozalin nan da iyayenmu mata ke daka wa su yi kwalli, baƙin dutsen nan mai sheƙi mai nauyi a hannu, shi ne uwar dalma. Masana suna kiransa galena. Kusa da shi akan sami wani dutse mai ruwan ƙasa-ƙasa, shi ne uwar tutiya. Ita kuwa azurfa ba a cika ganinta da ido ba, a cikin tozalin take ɓoye, giram kaɗan a cikin kowane tan. Sai an kai ɗakin gwaje-gwaje ake sanin yawanta. Ku riƙe wannan, don a nan ake cutarmu.

Me duniya ke yi da su? Mafi yawan dalmar duniya batir ake yi da ita: batirin mota, na babur, da na inbata da muke haɗawa da sola. Tutiya kuwa, kusan rabinta shafa wa ƙarfe ake yi don kada ya yi tsatsa. Kwanon rufin gidanka da bokitin ƙarfen da ke tsakar gida, duk tutiya ce a jikinsu. Azurfa ta wuce zobe da awarwaro, yau tana cikin faifan sola da kayan lantarki. Kuma mafi yawan azurfar da ake samu a duniya daga mahaƙar wasu ƙarafa take fitowa, irin su dalma da tutiya da tagulla da zinare. Wato duk inda aka ce akwai tozali, mai hankali yakan tambayi azurfar da ke ciki.

A ina suke a ƙasarmu? Akwai wani dogon kwari da masana ke kira Kwarin Binuwai. Ya samu ne fiye da shekara miliyan ɗari da suka wuce, lokacin da nahiyar Afirka da Kudancin Amurka ke rabuwa. Ƙasa ta tsage, ruwan zafi mai ɗauke da ƙarafa ya bi tsagogin ya daskare, ya zama jijiyoyin ma'adini. Jijiyoyin nan sun taso tun daga Ishiagu da Enyigba da kewayen Abakaliki a jihar Ebonyi, suka biyo ta Arufu da Akwana a yankin Wukari, da Adudu a jihar Nasarawa, da Zurak a ƙaramar hukumar Wase ta jihar Filato, har zuwa yankin Alkaleri a jihar Bauchi. Ba yau aka gano su ba. Tun kafin zuwan Turawa fatake ke sayen tozali daga yankin Binuwai suna kaiwa kasuwannin ƙasar Hausa. Turawa suka zo suka haƙa nasu. Sunan garin Kampanin Zurak ma kaɗai ya isa shaida.

To idan an daɗe da sanin suna nan, me ya rage? Abin da ya rage shi ne awo. Ganin tozali a bakin rafi daban, sanin yawan abin da ke ƙasa daban. Bari in bi da ku yadda binciken ma'adini yake, don in ɗan takara ya zo da zancen ku san inda za ku kama shi.

Da farko masanan duwatsu sukan duba tsofaffin taswirori da rahotanni, sannan su taka ƙasa su zana inda kowane dutse ya ɓullo. Sai a ɗebi samfurin ƙasa da yashin rafi a tazara-tazara, a kai gwaji, a ga inda dalma da tutiya suka fi yawa. Bayan nan sai na'urori: a tura lantarki cikin ƙasa a ga inda ya sami abin da ke riƙe shi, domin tozali ba ya amsa lantarki kamar sauran duwatsu. Sai a yanka ramuka masu tsawo a ga faɗin jijiyar. Duk wannan fa shimfiɗa ce. Gaskiyar magana tana wurin huda ƙasa. A kawo inji mai kama da na haƙa rijiyar burtsatse, amma bakinsa na lu'ulu'u ne, ya huda mita ɗari, ɗari biyu, ko fiye, ya fito da dutsen a mulmule kamar sandar rake. A jera sandunan nan cikin akwatuna, a rubuta zurfin kowanne, a tsaga shi gida biyu, rabi ya tafi ɗakin gwaji, rabi a ajiye don shaida. Daga nan ne ake cewa a mita kaza an sami tutiya kashi kaza cikin ɗari, dalma kaza, azurfa giram kaza a tan.

Rami ɗaya ba ya ba da labari. Jijiyoyin Kwarin Binuwai sirara ne, a tsaye suke nutsewa ƙasa, nan su yi kauri, can su tsuke har su ɓace. Sai an huda wurare da yawa kafin a haɗa hoton. Shi ya sa masu harkar suka kasa sakamako hawa uku: wanda ake kyautata zato, wanda aka sami alama mai ƙarfi, da wanda aka auna aka tabbatar. Bayan haka ma akwai lissafin riba: kuɗin fitar da ruwan da ke cika rami, kuɗin hanya, kuɗin wuta, da farashin da kasuwar ƙarafa ta Landan ta yanka. Daga gano ma'adini zuwa buɗe babbar mahaƙa akan ɗauki shekara goma ko fiye, kuma mafi yawan wuraren da aka bincika ba sa zama mahaƙa ko kaɗan. Don haka duk wanda ya ce muku cikin kwana ɗari na mulkinsa azurfa za ta biya albashi, ko dai bai sani ba, ko kuma ya ɗauka ku ne ba ku sani ba.

Ga misali na kusa. Kamfanin Symbol Mining na ƙasar Ostareliya ya yi bincike a jihar Bauchi, ya huda ƙasa, ya sami tutiya mai kyau a wurin da ya sa wa suna Macy. Ya fara haƙa a 2018. Kafin 2019 ta ƙare ya durƙushe. Waɗannan fa masu inji ne da masana da kuɗin kasuwar hannun jari. Ina ga wanda ya zo da baki kawai?

Ga kuma na nesa, don ku san cewa a harkar nan har da ƙarya mai lasisi. A 1997 asirin kamfanin Bre-X na Kanada ya tonu. Ya ce ya gano zinare mai ɗimbin yawa a Busang ta ƙasar Indunusiya, ashe barbaɗa garin zinare ake yi a cikin samfurin kafin a kai gwaji. Mutane suka yi asarar biliyoyin daloli. Bayan wannan ne Kanada ta tsaurara doka, ta ce babu kamfanin da zai sanar da adadin ma'adini sai ƙwararren da za a iya kamawa da laifi ya sa hannu. Su da kuɗinsu suka koyi darasi. Mu kuwa har yau cinikin biri a sama muke yi.

Yanzu mu dawo kan azurfar da na ce ku riƙe. Mu yi lissafi na misali. A ce tirela ta ɗauki tan 30 na tozali, a ce kuma kowane tan yana da giram 200 na azurfa. Giram 6,000 ke nan, kilo shida na azurfa a mota ɗaya. Yaron da ya shiga rami ya fito da dutsen, a buhu ko a kilo aka saya a hannunsa, da sunan dalma. Dillali ya kai wa babban mai saye, aka loda a kwantena, aka nufi tashar jirgin ruwa, galibi zuwa ƙasar Sin. Can a masana'antar narkarwa za a gwada, a ware azurfar, a biya wanda ya kai kayan kuɗinta. Shi mai sayen yana da na'urar gwaji. Mai haƙa ba shi da ita, mai unguwa ba shi da ita, ƙaramar hukuma ba ta da ita. Idan a takarda dalma kawai aka rubuta, to kason gwamnati ma a kan dalma za a lissafa. Kun ga ke nan an yi mana kwalli da tozalinmu, an tafi da azurfar. Dukiyar da ba ka auna ba, mai sikeli ne ke yanka mata farashi.

Wani zai ce, ai Malam wannan duk maganar Abuja ce, mu a jiha me za mu iya? Na san wasu 'yan uwanmu na ɗaya ɓangaren da wannan suke kare kansu. Gaskiya ne sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa duk ma'adinan ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, kuma ofishin rajistar filayen ma'adinai da ke Abuja ne ke ba da lasisi. Amma a karanta dokar ma'adinai ta 2007 har ƙarshe mana. Lasisin bincike ba ya wuce murabba'in kilomita 200, shekara uku ne, ana sabunta shi sau biyu, shekara bibbiyu. Lasisin bincike ba lasisin haƙa da sayarwa ba ne. Dokar ta ce sai an nemi yardar mai ƙasa ko wanda ke zaune a kanta kafin a ba da lasisi. Ta ce kafin mai lasisin haƙa ya fara aiki sai ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin, kuma a sake duba ta duk shekara biyar. Ta kafa kwamitin kula da ma'adinai da muhalli a kowace jiha. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 kuma ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna. Sannan kashi 13 cikin ɗari na jihar da aka samo arziki bai tsaya a kan man fetur kaɗai ba, ya haɗa da ma'adinai. To ina rashin iko a nan? Ikon yana nan, amfani da shi ne ba a yi.

Kuma ku dubi yadda lasisin kansa ya zama haja. A watan Nuwamba na 2023 ministan ma'adinai Dele Alake ya soke lasisi 1,633 saboda rashin biyan kuɗin shekara. A watan Afrilu na 2024 ya sake soke 924 da aka karɓa aka ajiye ba a aiki da su. Me wannan ke gaya mana? Mutane na karɓar takarda su sa a aljihu suna jiran mai saye, ba su taɓa huda ko mita ɗaya ba. Wasu kuma da takardar bincike suke lodin tirela dare da rana. Mai gari ya sa hannu a takardar yarda da bai san abin da ke cikinta ba, a ba shi abin goro, shi ke nan an sayar da gonakin jikoki. Sannan inda kuɗi ke fita daga rami babu hukuma a kusa, kun san waɗanda ke zuwa su cike gurbin. Mutanen Wase da na Zamfara ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan.

Akwai bayanan da aka riga aka tara da kuɗin jama'a. Hukumar binciken ƙasa ta Najeriya ta yi shawagi da jiragen sama ta auna ƙasar nan. A 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin binciken ma'adinai na ƙasa, kuma dalma da tutiya na cikin abin da aka bincika. Akwai ɗakin gwaje-gwajen hukumar a Kaduna, akwai cibiyar koyar da haƙar ma'adinai a Jos, ga sassan nazarin duwatsu a jami'o'inmu suna yaye ɗalibai duk shekara, da yawansu suna zaune ba aiki. Duk da haka an yi shekara da shekaru ma'adinai ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasar nan ba, kamar yadda rahotannin hukumar NEITI suka sha nunawa. Tambayata ga masu neman kujera a jam'iyyarmu: a cikinku wa ya taɓa neman taswirar ma'adinan mazaɓarsa ya karanta?

Jama'a, yanzu zan zo kan abin da ya fi kuɗi. Dalma guba ce. Ba ta da wari, ba ta da ɗaci, a ƙura take shiga jiki, kuma yara ƙanana ta fi kamawa. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara na mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara: Dareta, 'Yargalma, Abare, daga baya Bagega. Zinare ake nema, amma dutsen cike yake da dalma. Ana kawo shi gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin da ke tsakiyar gari, yara na rarrafe a cikin ƙurar. Yara aƙalla 400 suka rasu. Dubbai suka rayu da gubar a jininsu, kuma dalma idan ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da an gwada dutsen nan tun farko, da an san abin da ke cikinsa. To idan dutsen zinare mai ɗauke da dalma ya yi wannan ɓarna, ina ga inda dalmar ce kanta ake haƙa? Ku tambayi mutanen Kabwe a ƙasar Zambiya. An haƙi dalma da tutiya a garin kusan shekara casa'in, aka rufe mahaƙar a 1994, har yau yaran garin na fama da gubar da aka bar musu. Mu ma ga kududdufan kuza nan birjik a Filato. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kuma iyayenmu mata, a yi haƙuri da ni: kwallin tozali a idon jariri, likitoci sun ce a daina, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da ba ya cutarwa.

Saboda haka ga abin da muke so wakilanmu su kai gaban kwamitin rubuta manufofin jam'iyya, kuma mu nemi duk mai neman ƙuri'armu a zaɓen fid da gwani ya amsa su a bainar jama'a.

Na ɗaya, gwamnatin jihar da jam'iyyarmu ta kafa ta buga jerin duk lasisin ma'adinai da ke jihar: na wa ne, wane iri ne, ina ya faɗa, yaushe zai ƙare. A liƙa a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, da Hausa da harshen mutanen wurin.

Na biyu, kada wani mai gari ko hakimi ya sa hannu a takardar yarda a ɗaki. A yi a gaban jama'a, da lauyan da jiha ta biya, a karanta a fassara.

Na uku, jiha ta kafa wuraren gwaji da awo kusa da mahaƙai, ta ɗauki yaranmu da suka karanta ilimin duwatsu. Kafin buhu ya bar gari a san dalma nawa, tutiya nawa, azurfa nawa. Masu haƙa da hannu a haɗa su ƙungiyoyin gama kai, su sami lasisin ƙananan masu haƙa da doka ta tanada, su sayar da kayansu da takardar gwaji a hannu.

Na huɗu, duk kamfanin da ya yi bincike a jiharmu, ko ya ci riba ko ya gudu, jiha ta nemi kwafin rahotonsa ta hannun hukumomin tarayya, a adana. Kamfani na iya mutuwa, amma abin da ya gano game da ƙasarmu bai kamata ya bi shi kabari ba.

Na biyar, kafin a fara haƙa a gwada ruwan rijiyoyi da ƙasar gari da jinin yara, a rubuta, a riƙa maimaitawa. A hana daka dutse da niƙa shi a cikin gida. A hana sa yara aiki a rami. A ware kuɗin cike ramuka tun ranar farko.

Na san za a ce mun cika ƙa'ida, za mu kori masu zuba jari, matasa na buƙatar aiki yau. Wallahi mun san zafin rashin aiki, a cikinsa muke. Amma mai jarin gaske, wanda zai kashe kuɗinsa shekara bakwai yana huda ƙasa, shi ne ya fi kowa son tsari, don yana so ya tabbata takardarsa ba za ta zama ta wani gobe ba. Wanda ke gudun sikeli da rajista, ku bar shi ya gudu, dama ba alheri ya kawo ba. Kuma ba mu ce a hana talaka haƙa ba. Cewa muka yi a ba shi sikeli, a ba shi takunkumi da ilimi, ya daina sayar da azurfa a farashin dalma.

'Yan uwanmu na ɗaya ɓangaren ba abokan gaba ba ne, jam'iyya ɗaya muke, lema ɗaya. Saɓaninmu da su a kan hanya ne. Idan suna da tsarin da ya fi wannan, ga fili ga mai doki, su kawo a tattauna. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne a sake zuwa da zancen "Allah Ya albarkace mu" babu lamba, babu taswira, babu ranar farawa. Malam Aminu Kano ya bar mana tarbiyyar cewa talaka ya san haƙƙinsa, ya kuma iya tambaya. Wannan ita ce tambayar zamaninmu.

Aikin da na bar muku shi ne wannan. Kowa ya koma mazaɓarsa. Idan ana haƙa a yankinku, ku binciko lasisin wa ake amfani da shi, na bincike ne ko na haƙa, akwai yarjejeniyar al'umma ko babu, a ina ake daka dutsen, nawa ake sayen kilo. Ku rubuto, ku kawo zama na gaba, mu haɗa mu miƙa wa uwar jam'iyya a rubuce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya jiƙan yaran da muka rasa, Ya ba iyayensu haƙuri. Allah Ya sa arzikin ƙasarmu ya zame mana alheri, Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa.